Fama da kibod kan wasulan Faransanci da Sifaniyanci

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Toh bana dai na ƙuduri aniyar sai na kashe maganar kibod ɗin nan, kuma duk abun da na gwada zan dinga rubuta shi a nan da kwanan wata, saboda in wani ya zo da irin matsalar kar ya faro daga tushe. Sana'ata buga takardu ce, kuma aikin Faransanci da ke shigo min yawanci na mutanen Maraɗi ne da Damagaram masu zuwa kasuwa, wasiƙar kasuwanci, rasit, takardar yarjejeniya, wani sa'in takardar neman makaranta. Ga kuma Sifaniyanci da na ɗauko koyo da kaina, ina harin jarabawar DELE ta Instituto Cervantes, matakin A2, ita kuma akwai rubutu a cikinta, dole hannu ya saba.

Laftop ɗina ta hannu ce, daga Amurka aka kawo ta, kibod QWERTY zalla, Windows 10, kuma babu rukunin lambobin nan na gefen dama. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Abun da nake buƙata a Faransanci shine é è ê ë, à â, î ï, ô, ù û ü, sai ç mai wutsiya, sai œ, da alamar zance irin tasu « ». Sifaniyanci ya fi sauƙi sosai, alama ɗaya ce mai karkata dama a kan wasula biyar á é í ó ú, sai ü a kalmomi irin su pingüino da vergüenza, sai ñ, sai alamar tambaya da ta motsin rai a kife ¿ ¡ waɗanda ake buɗe jimla da su. Kuma ba ado ba ne, hablo "ina magana" ne habló kuma "ya yi magana", a Faransanci ou "ko" ne où kuma "ina", in ka bar alamar ka canza zance.

Yadda nake yi yanzu, akwai wani fayil da na jera haruffan a ciki, in na zo wajen sai in je in kwafo in liƙa. Shi kuwa é kusan kowane layi na Faransanci sai ka ci karo da shi, wasiƙa mai shafi ɗaya sai ta cinye maka lokacin shafi uku.

Kowa ka tambaya sai yace ai ka danne Alt ka buga 130 é zai fito, 138 è, 135 ç, 164 ñ, 168 ¿. Gaskiya ne, amma sai da lambobin gefen dama, na layin sama basa yi. Ni kuwa bani da su. Wannan ƙofar a rufe take.

Laraba, 8 ga Janairu

Word yana da nasa gajerun hanyoyi kuma suna aiki tsaf. Ctrl da ' tare, ka saki, ka buga e, é ya fito. Ctrl da ` sannan a, à. Ctrl da waƙafi sannan c, ç. Ctrl Shift da ruwa biyu sannan u, ü. Ctrl Shift da ~ sannan n, ñ. Har œ akwai, Ctrl Shift & sannan o. Matsalar kawai da ka fita daga Word shikenan an gama, a burauza babu, a WhatsApp na kwamfuta babu, wajen sa wa fayil suna babu. Ni kuma darasin Sifaniyancin a burauza nake yinsa.

Wani abokina ɗan Maraɗi da ya shigo shago yace haba malam, me kake wahalar da kanka, ka juya ta AZERTY, tsarin kibod na Faransa, kawai ai shi muke amfani da shi. Na juya. é na kan 2, è na kan 7, ç na kan 9, à na kan 0, dannawa ɗaya, wannan kam da daɗi. Amma A da Q sun yi musanyar wuri, Z da W ma haka, M ya tashi daga ƙasa ya koma gefen L, lamba sai da Shift, kai har aya sai da Shift. Hausa kuwa harafin a ne ya cika ta, ga w a wannan da wani da wata, sai na ga ina ta rubuta zqnnqn a maimakon wannan. Shi da hannunsa ya tashi da shi bai ga komai ba, ni kaman an ba ni mota mai sitiyari a ɗaya gefen.

Ko da zan jure wannan, akwai abu biyu da suka kashe maganar. AZERTY na Windows bashi da alamar karkata dama mai zaman kanta, é ne kawai aka ba maɓalli, don haka á í ó ú na Sifaniyanci babu hanyarsu. Sannan babban baƙi mai alama, É da Ç, shima babu. Kuma ba ni kaɗai na gani ba, ma'aikatar al'adu ta Faransa da kanta ta koka a 2016 cewa da wuya a rubuta Faransanci daidai da kibod ɗin da ake sayarwa a ƙasar, har hukumarsu ta AFNOR ta fito da sabon tsari a 2019, NF Z71-300, mai gyararren AZERTY da wani da ake kira BÉPO. Abun dariya, tsohon ya ware wa ù maɓalli sukutum, harafin da a kalma ɗaya tak ake amfani da shi, où.

Asabar, 11 ga Janairu

United States-International. Yana cikin Windows tun asali, ba sai ka sauke komai ba, ka shiga setin harshe, ka zaɓi Ingilishin Amurka, ka ƙara kibod, zaka ganshi a jerin. Win da maɓallin tazara ke juya ka daga wannan zuwa wancan.

Duk haruffa suna inda suke, abun da ya canza shine maɓallai biyar sun zama matattu, wato in ka danna babu abun da zai fito sai ya ga me zaka buga a gaba. ' da e ya bada é, ` da e è, ^ da e ê, " da u ü, ~ da n ñ, ' da c ç. Babban baƙi ma haka, ' da Shift E ya bada É. Sannan Alt na dama ya zama AltGr, ka danne shi da e é, da a á, da n ñ, da waƙafi ç, da / ¿, da 1 ¡, da [ da ] kuma « ».

Wallahi Sifaniyanci kam an gama da shi. Na zauna na buga ¿Cómo está usted, señor? da mañana da Bogotá da Málaga ba tare da na ɗaga hannu na taɓa linzami ba. Yau da farin ciki na rufe shago.

Litinin, 13 ga Janairu

An gudu ba a tsira ba.

Da safe zan rubuta saƙo da Hausa, na buga jama'a sai ga jamaá. Ma'aikata ta koma maáikata, sana'a sanaá, jami'a jamiá, al'umma alúmma, 'yan kasuwa kuwa ýan kasuwa, don har y ma tana ɗaukar alamar. 'Ya'ya kam ba a magana. Dalili a fili yake, maɓallin hamza, waƙafin nan na sama, shine aka kashe aka mayar alamar karkata dama, mu kuma a Hausa hamza kusan kullum wasali ne ke binta ko y. Maganin da tsarin ya tanada shine ka danna ' sannan tazara sannan harafin, wato kowace hamza dannawa biyu, kuma in ka manta sau ɗaya ka aika wa mutane shirme.

Na ce to ai sai in dinga juyawa, Hausa da kibod na da, Faransanci da wannan. Sai da na ɗauko wasiƙar wani Alhaji na fara bugawa na gane ashe Faransancin ma bai tsira ba, shi ya ma fi shan wahala. Harshe ne da ke haɗiye wasali ya sa hamza a wurin, kuma yana yin haka ne daidai lokacin da kalma ta gaba ta fara da wasali, ka ga ke nan duk inda hamza ta fito tarko ne. j'ai ya zama jái, c'est cést, l'argent lárgent, qu'il quíl, d'un dún, Côte d'Ivoire ta zama Côte dÍvoire. Waɗanda suka kuɓuta sai irin aujourd'hui da N'Djamena inda baƙi ne ke bin hamzar, shi tsarin in ya ga harafin baya ɗaukar alama sai ya sako su duka biyu lafiya.

Alamar zance ma haka, ka buɗe " ka fara da a sai ka ga ä.

Ra'ayina, ga shi ma na sake faɗawa ciki wajen rubuta ra'ayi, tsarin nan ga mai Sifaniyanci da Fotugisanci aka yi shi, harsunan da hamza bata dame su ba. Duk wanda ya ce maka shine maganin Faransanci to ko dai baya rubutu da yawa ko kuma babban yatsansa ya riga ya saba da ƙarin tazarar nan har baya ji. Akwai masu hakan, ban musa ba. Amma mai Hausa da Faransanci a kwamfuta ɗaya, a'a.

Wani abu kuma da ya kamata ku sani, in kalmar sirrinku tana da ' ko " ko ^ a ciki sannan wasali na binta, kuma wannan tsarin ne a kunne a fuskar shiga, zata ce muku ba daidai ba alhali daidai kuka buga. Akwai ɗan wurin canza kibod a ƙasan fuskar ta dama, a duba shi kafin a tada hankali.

Juma'a, 17 ga Janairu

Watan gaisuwar sabuwar shekara ne, kusan kowace wasiƙa da meilleurs vœux take farawa, shine na lura US-International na Windows bashi da œ. æ na nan a AltGr da z, wanda da kyar zaka buƙace shi, amma œ na cœur da sœur da œuf da bœuf da œuvre babu.

Na bi diddigi na ga abun daɗaɗɗe ne. Tsarin haruffan kwamfuta na yammacin Turai, ISO 8859-1 na 1987, an fitar da shi ba œ a ciki, sai a 1999 da aka yi ISO 8859-15 aka saka shi tare da alamar kuɗin yuro da babban Ÿ. Windows tana da nata jadawalin, 1252, a can œ na lamba 156, shi ya sa masu lambobin gefe suke buga Alt 0156, babbansa kuma 0140. Nan na gane dalilin da é ke da lamba biyu, 130 da 0233. In ka fara da sifili jadawalin Windows ne, in babu sifili tsohon jadawalin zamanin DOS ne.

Alhajin nan da ya dawo karɓar wasiƙarsa ya ga na rubuta État da École da alama a kan babban baƙi, yace yaro ai mu a lakwal an ce mana ba a sawa. Na ce ranka ya daɗe da haka ake koyarwa saboda keken rubutu bashi da su, amma Académie française ta ce a sa, ita ma Real Academia Española haka ta ce game da Sifaniyanci, África da Ángel da alamarsu ake rubuta su. Yace to bar shi tunda ya fi kyau a ido.

Laraba, 22 ga Janairu

Kwanakin nan kibod ɗin ƙasar Sifaniya nake gwadawa, kuma abun mamaki ya fi US-International iya Faransanci nesa ba kusa ba. QWERTY ne, haruffa basu motsa ba. ñ na kan maɓallin waƙafi mai ruwa, kusa da shi mataccen maɓalli mai karkata dama, da Shift ɗigo biyu, gefen P akwai mai karkata hagu, da Shift hula irin ta kan ê, ga ç da maɓallinsa guda, saboda Kataloniyanci na buƙatarsu. Babban abun shine hamza tana da nata wurin daban, bayan 0, kuma a raye take. Na buga j'ai da l'été da ma'aikata da 'ya'ya duk suka fito yadda Allah ya yi su.

A kula, na Sifaniya nake nufi ba na Latin Amurka ba. Na Latin Amurka bashi da maɓallin ç, kuma hula da mai karkata hagu an tura su bayan AltGr.

Inda ya gaza, œ dai babu. Sannan alamomi duk sun tashi daga inda aka zana su a jikin maɓallan, @ ta koma AltGr da 2, baka ta koma 8 da 9, karan ɗori ya koma inda / yake, alamar tambaya tana sama. Ni zan iya haddacewa, amma ƙanena da ke taya ni aiki yana kallon maɓalli ne yana bugawa, ya zauna minti kaɗan yace Yaya don Allah mayar min da ita yadda take.

Sai kuma matsalar ƙarfe. Kibod ɗin Amurka, wanda ake kira ANSI, ya gaza na Turai, ISO, da maɓalli ɗaya, wanda ke tsakanin Shift na hagu da Z. A tsarin Sifaniya < da > a kansa suke, ni kuwa babu shi a laftop ɗina sam. Na leƙa na Kanada mai harsuna da yawa, shima QWERTY ne mai é è à ç kowanne da maɓallinsa, sai na tarar ù a kan wannan ɓataccen maɓallin aka ɗora shi. Wanda kibod ɗinsa ya zo daga Ingila, mai dogon Enter, bashi da wannan damuwar.

Lahadi, 26 ga Janairu

Gajere ne yau, ba wuta tun jiya. A waya duk wannan surutun babu shi, a Gboard ka danne e ka riƙe sai é è ê ë su fito ka zaɓa, kuma zaka iya kunna Hausa da Faransanci da Sifaniyanci tare. A PowerToys na Windows akwai makamancinsa, Quick Accent, ka riƙe harafi ka taɓa tazara jerin ya fito a sama. Yana da kyau ga mai buƙatar é sau ɗaya a wuni, mai bugun sauri kuwa tsayar da shi yake. Masu Mac su tuni aka raba musu gardama, Option da e sannan wasali, Option da n sannan n, Option da c ç, Option da q œ, hamzarsu ba wanda ya taɓa ta.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Abun da Mac ɗin nan ya nuna min shine hanyar da ta dace, a bar maɓallan yau da kullum a raye, a ɓoye alamomin a bayan wani maɓalli guda da kai zaka kira shi in kana so. A duniyar Linux sunansa Compose, kuma akwai ƙaramar manhaja kyauta da ke kawo shi Windows, WinCompose.

Na mayar da kibod US na asali na saka ta. Tana zuwa da Alt na dama a matsayin Compose amma ana canzawa, ni Caps Lock na ba wa aikin don ya fi kusa da ɗan yatsa. Ba riƙewa ake ba, taɓawa ake a saki. Compose ' e é, Compose ` a à, Compose ^ o ô, Compose " i ï, Compose ~ n ñ, Compose waƙafi c ç, Compose o e œ, Compose ? ? ¿, Compose ! ! ¡, Compose < < «. Ba sai ka haddace ba ma, ka kalli harafin ka tambayi kanka da me da me aka haɗa shi, yawanci amsar ita ce. Kuma a ko'ina yana yi, Word, burauza, sunan fayil.

Daɗin daɗawa zaka iya ƙara naka. Fayil ne mai suna .XCompose a babban foldarka, kowane layi ƙa'ida ɗaya. Nan na tuna ai mu ma muna da namu ciwon, ɓ ɗ ƙ da ƴ ta mutanen Nijar, waɗanda da sai dai in buga 0253 ko 0257 ko 0199 ko 01B4 a Word in danna Alt da X. Da farko k k na so in sa wa ƙ, sai na tarar an riga ni, Compose k k na bada ĸ, wani tsohon harafin rubutun Girinland da su kansu sun daina amfani da shi. Sai na ɗauki q tunda Hausa bata da shi na mayar da shi jagora, layin kaman haka yake

<Multi_key> <q> <k> : "ƙ"

haka na yi wa b da d da y da manyansu.

Aibinsa biyu. é dannawa uku ne, a Faransanci kuwa wannan ba ƙaramin haraji ba ne, kalma irin su préféré ko Ngaoundéré sai ka ji a yatsa. Na biyu, manhaja ce da sai an shiga Windows take tashi, don haka a fuskar shiga bata nan, kuma tagar da aka buɗe da izinin admin bata jinta sai ita ma an tashe ta da wannan izinin.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Tsohuwar kwamfutar teburi ta shago bata cika sharuɗɗan Windows 11 ba, Windows 10 kuma 14 ga Oktoban 2025 aka sa a matsayin ranar daina yi mata sabuntawa, shine na sa mata Linux Mint tun yanzu mu fara sabawa.

A nan na samu abun da nake nema tun farkon Janairu. Cikin jerin kibod akwai English intl. with AltGr dead keys, sunansa a tagar buga umarni, wato terminal, us altgr-intl. Hamza a raye, alamar zance a raye, matattun sai ka riƙe AltGr suke mutuwa. AltGr da e é kai tsaye, da a á, da n ñ, da waƙafi ç, da k ko x œ, da / ¿. è kuwa AltGr da ` sannan e, ê AltGr da 6 sannan e. ¡ ne kawai ya ɗan matsa, sai ka haɗa da Shift a kan 1. Na ɗora Compose a Caps Lock a nan ma, na kwafo fayil ɗin .XCompose ɗina, sai dai a Linux dole layin farko ya zama include "%L" in ba haka ba naka ƙa'idojin zasu kori na asali gaba ɗaya. Sai ka fita ka sake shiga kafin ya kama.

Mai son gwada US-International na asali a Linux ya sani, a can ' da c ba ç yake bayarwa ba, ć yake bayarwa ta Folanci, 'yan Birazil sun daɗe suna kuka da wannan.

Ƙanena yace Yaya to kan takarda fa da muke bugawa da manyan baƙaƙe, ka cinye Caps Lock. Akwai zaɓi a setin kibod ɗin, danna Shift biyu tare ya kunna shi. Ya gwada ya yi shiru.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ashe fitar da harafin rabin aiki ne, sai ya isa inda za shi lafiya. Na yi wa wani jerin kaya da garuruwa na adana a CSV, wato fayil ɗin jeri na rubutu zalla, ya buɗe a Excel ɗinsa ya kira ni yace malam me ye TillabÃ©ri. Fayil ɗin da tsarin haruffa na UTF-8 aka adana shi, a can é bayit biyu ne, nasa kuma ya karanta shi da jadawalin 1252 ya ɗauki kowane bayit harafi guda, shi ya sa é ke zama Ã© ñ kuma Ã±. Duk inda kuka ga Ã ɗin nan a tsakiyar kalma to wannan ciwon ne, ba kibod ba. Na sake aika masa a xlsx, fayil ɗin Excel na asali, magana ta mutu. In dole sai CSV, a Excel akwai zaɓin CSV UTF-8 wajen adanawa, shi yana sa wata 'yar alama a farkon fayil da ke gaya wa mai buɗewa yadda zai karanta.

Wani kuma mai ɓoyayyen sharri, é iri biyu ne a Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa, akwai guda ɗaya cur, 00E9, akwai e da aka ɗora wa alama 0301 daga baya. A ido babu bambanci ko kaɗan amma wata manhajar in ka nemi ɗaya bata kawo maka ɗayan, na gani a sunayen fayilolin da aka turo min daga Mac. Duk hanyoyin da na lissafa a sama guda ɗayan suke bayarwa, shi ake so.

Sai tazarar Faransanci. Su suna barin fili kafin ruwa biyu da waƙafi mai ruwa da alamar tambaya da ta motsin rai, da kuma cikin « », kuma fili ne mara yankewa don kar alamar ta faɗo sabon layi ita kaɗai. A Word Ctrl Shift da tazara ne, in ka sa harshen takardar Faransanci ma da kansa yake sakawa. Sifaniyanci baya barin fili, ¿ na manne da kalmar farko. Na sha ganin takarda mai harsuna biyu da aka bar ta duka a Faransanci, sai ɓangaren Sifaniyancin ya cika da filin da ba nasa ba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na kawo wa Windows abun da na gani a Linux. Microsoft Keyboard Layout Creator, tsohuwar manhaja ce, sigar 1.4, sai ka kunna .NET Framework 3.5 take tashi. Na loda US-International a cikinta, na cire alamar mutuwa daga ' " ` ~ ^ na dawo da su AltGr, kowanne da jadawalin wasulansa. Sunan tsarin baya wuce harafi takwas. Tana haɗa maka fayil ɗin sakawa, ka saka ka sake kunna kwamfuta sai ya fito cikin jerin kibod kaman kowanne, kuma tunda tsari ne na gaske ba manhaja mai gudu a gefe ba, tagar admin ma tana jinsa.

Tunda nawa ne na yi rabon wuri yadda nake so. AltGr da b babu kowa na sa ɓ, k ma a Windows fili ne na sa ƙ, d akwai ð ta Aisland na tashe ta na sa ɗ, œ na kai shi x. y ce ta zo da rigima don ü ke zaune a kanta kuma Sifaniyanci na buƙatarsa, amma tunda ana samun ü ta ɗigo biyu sannan u, ƴ ta ci wurin. WinCompose na bar ta a Caps Lock saboda tarkace irin su ½ da °.

Yanzu saura in daidaita na Linux ya zama iri ɗaya da wannan, don a can AltGr da k har yanzu œ ne, jiya ƙanena ya buga œasa a maimakon ƙasa. Fayil ɗin yana /usr/share/X11/xkb/symbols/us amma sabuntawa na iya goge gyaran da aka yi a cikinsa, don haka nawa daban zan rubuta in kira altgr-intl a ciki in canza maɓallai huɗun nan kawai. Ina so in gama kafin azumi ya kama, sannan in buga ƙaramar takardar rabon maɓallan in manna a gefen sikirin saboda shi.